Kujera Marar Ƙafa

Ranar Litinin

Zuwa ga jikanyata Takwara, mai sunan Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Ni lafiyata ƙalau, gwiwar hagu ce kawai take yi mini gardama da safe, in rana ta ɗaga sai mu shirya. Tela maƙwabcina ne yake riƙe da biro, ni nake faɗa. Kin san ban zauna a aji ba. Lambobin jikin tef ɗin awo kaɗai na iya karantawa, su kuwa shekara hamsin da ɗaya ina kafinta ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Takardarki ta iso ta hannun direba. Tela ya karanta mini ita sau biyu. Ya ce kin rubuta cewa tunda kika ji na faɗi, ba ki da abin da za ki aiko mini sai ƙwalla. To ki riƙe ƙwallarki, ban mutu ba. Yayata da kika ci sunanta, ranar da zarto ya ɗauke mini kan ɗan yatsa ba ta yi kuka ba. Gefen zanenta ta yaga ta ɗaure mini, ta ce in tashi in ƙarasa wa mutane teburinsu.

Bari in gaya miki yadda abin yake, don na san daga bakin ɗana Akawu kika ji, shi kuwa kawun nan naki in ya ba da labari sai ya zuba masa gishiri har ya ƙi ciwuwa. Hawa goma sha huɗu ne daga shago zuwa ɗakina. Ni na yi matakalar da hannuna shekarar da aka haifi uwarki. A hawa na uku na zame, da bokitin ruwa a hannu. Kwana tara na yi a asibiti, babu ƙashin da ya karye. Yanzu sau ɗaya nake hawa a rana, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗar Tela. Likita ya ce in koma nan da wata uku, zai sa in tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, in hau bene in sauko ba mai riƙe ni. In na kasa, shi da Akawu sun riga sun gama magana: a kwashe ni zuwa gidan Akawu, ɗakin bayan gareji, a rufe shagon. Na ga ɗakin. Tagarsa bangon maƙwabta take kallo.

A jikin katakon ƙofar shagon nan akwai zanen tsawon kowane ɗa da jika na gidanmu, mutum talatin da ɗaya, har da ke kina shekara shida kina kuka don an cire miki takalmi. Babu suna ko ɗaya a rubuce, duk a kaina suke. Ranar da aka ɗauke ni daga nan, sun koma karce a jikin katako.

Ba inda za ni. Ki gaya wa wanda ya aiko ki.

Kada ki kira waya. Kunnena ba ya kama ta, kuma maganar waya iska ce. Takarda ina da akwatin da nake ajiye ta.

Kakanki, Kafinta.

Ranar Asabar

Kaka mai ran ƙarfe,

Da fatan gwiwa ta rage gardama. Mu nan lafiya, ƙaramin ne ya fara haƙori ya hana kowa sakat. Maigidan yana gaishe ka.

A wurin aiki na karanta takardarka, na yi ta dariya har wata tsohuwa da nake miƙe wa ƙafa ta tambaye ni ko lafiya. Kaka, ƙwallo na rubuta. Ƙwallo. Ka ce wa Baba Tela ya goge tabarau ɗinsa, harafin ƙarshen nan biro ne ya yi masa wutsiya. In da kuka zan yi maka ai ba sai na ba direba ya kawo ba.

Kuma ba Kawu ne ya aiko ni ba. Shekarata bakwai a sashen gashin ƙashi, irinka nake gani kullum, sai dai ba wanda ya kai ka baki. Abin da likita zai gwada abu biyu ne, ƙarfin cinya da iya riƙe jiki kada ya karkace. Duka biyun suna ƙaruwa in mutum ya dage, ko shekarunsa nawa. Na kira likitan naka mun yi magana, ya amince da abin da zan tsara maka.

Ƙwallon ba ta yara ba ce. Babba ce, ta roba mai kauri, zama ake yi a kanta. Da yake ba ta tsayawa wuri ɗaya, dole ciki da baya da ƙugu su yi ta aikin riƙe ka, ko da hira kake yi. Ana kuma sa ta tsakanin baya da bango, mutum ya riƙa ɗan durƙusawa yana miƙewa, wannan na cinya ne. Zan zaɓo maka irin wadda in ƙusa ta huda ta ba ta fashewa, sai dai ta sace a hankali. Na san shagon da za ta shiga.

Girma uku ake sayarwa a nan, kuma da tsawon mutum ake zaɓa. Baba Tela ya auna ka, ba hula ba takalmi, ka aiko mini da lambar.

Ni dai ba na son a kai mini miji bayan gareji, mutane su ce na kasa riƙe shi.

Jikanyarka.

Ranar Laraba

Takwara,

Muna lafiya. Ki shafa mini kan mai haƙori. Tela ya goge tabarau ya sake dubawa, ya ce shi har yanzu ƙwalla yake gani, amma ya yafe miki.

Shekara hamsin da ɗaya ina yi wa mutane abin zama. Na yi mai ƙafa huɗu, na yi mai uku, na yi bencin makaranta da yara goma za su hau su yi tsalle bai ce uffan ba. Ba a taɓa zuwa aka ce in yi marar ƙafa ba. Kujerar da take motsi dawo mini da ita ake yi a ce in gyara, ke kuwa kin ce motsin shi ne amfaninta. Kuma tun ba ta iso ba kin ce za ta sace. To zan ɓoye gudumata da zartona.

Amma ki aiko. Ba don na yarda ba. Jiya Akawu ya zo ya tsaya a tsakiyar shago, hannu a aljihu, yana kallon rufi yana auna wurin da ido. Na ce, "Me kake dubawa?" Ya ce, "Ba komai, Baba." Na ce, "Ba komai ɗin nan nawa ne, fita ka dube shi daga waje." In kan bushiya za ki ce in zauna don in hau matakalar nan da ƙafata, zan zauna.

Sai maganar awo. Tela ya shigo da tef ɗinsa a wuya yana murmushi, na ce ya tsaya inda yake, ba riga na ce ya ɗinka mini ba. Tsawona yana jikin ƙofa. Yaya ce ta zana shi da ƙusa ranar da na buɗe shagon nan, shi ne na sama da kowa. Na sa tef ɗina a kai, ƙafa shida da inci biyu. Abin da Yaya ta auna babu mai sake shi.

Maganar miji kuma, ki fara koyon rubutun da ake iya karantawa tukuna.

Kakanki.

Ranar Lahadi

Takwara,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mutanen gidan. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa.

Kujerarki marar ƙafa ta iso, shuɗiya, a ninke cikin kwali kamar rigar ruwa. Mun bi takardar da kika haɗo layi-layi. Na share shago sau biyu, na bi ƙasa da maganaɗisu na tsinci ƙusa goma sha ɗaya. Ɗaya daga ciki irin wadda na yi gadon auren uwarki da ita ce, an daina yin irinta. Tela ya yi ta buga famfo har ya ce ransa ya koma cikin robar. Ranar farko ba mu cika ta ba, kamar yadda kika ce, muka bar ta ta kwana ta saki jiki, washegari muka ƙarasa. Na yi alama a bango daidai lambar da ke jikin kwalin, santimita saba'in da biyar, da ta kai muka toshe.

Rabin layinmu ya leƙo. Mai Wanki ya ce in da ya san haka tsufa yake da ya yi sauri. Mai Kanti ta ce ko ƙungiyar ƙwallo ce ta ɗauke ni. Na ce mata e, kuma mijinki muke nema ya tsare mana gida, tunda shi kaɗai ya cika ƙofa.

Ina zama a kanta safe da yamma, kusa da bencin aiki. Ba ta da ladabi ko kaɗan. Ita tana neman ta kayar da ni, ni ina neman in gajiyar da ita, za mu ga wanda zai fara saduda. Ta bango ta fi mini daɗi. Jiya na yi shida, cinya tana rawa kamar zarto ya ci karo da ƙulli a katako. Ɗaga ƙafa ɗaya da kika zana a takarda ban fara ba tukuna. Ba wai na kasa ba ne, ban ga dama ba.

In Akawu ya tambaye ki, komai daidai.

Kakanki.

Ƙarin Tela, bai san na rubuta ba: 'Yata, ranar Laraba ya ɗan zame ya kai ƙasa. Gaskiyar magana ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai. Ya hana ni faɗa.

Ranar Talata

Kaka,

Ka gafarce ni, gaisuwar yau a tsaye take. Na ga ƙarin da Baba Tela ya yi. Mutumin da ya faɗi kuma ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba a jira da shi, na sha ganin yadda ƙaramin tsagu a ƙashin ƙugu yake zama babba. Na kira wayar Baba Tela sau huɗu a kashe, sai na kira Kawu. Ya ce gobe da sassafe zai kai ka a ɗauki hoton ƙashin. Kafin wannan takardar ta iso ka an riga an yi.

Na san za ka yi fushi. Ka yi. Gara ka yi fushi da ni kana tsaye da ka gode mini kana kwance. Kada ka sake hawa ƙwallon sai na ji sakamako.

Jikanyarka.

Ranar Alhamis, bayan mako uku

Kaka,

Ina gaishe ka, ko ba za ka amsa ba. Sau uku direba yana zuwa hannu rabbana. Na ƙarshe har ya ce mini, "Tsohon yana nan a ƙofar shago, ya ce in gaishe da hanya."

Kawu ya gaya mini hoton bai nuna komai ba, kuma da ƙafarka ka shiga asibitin kana kushe kujerun layi. Sai da na ɗauko takardar na sake karanta layin Baba Tela a natse sannan na gane. A kan ƙwallon ne ƙafarka ba ta kai ƙasa. Shi ya rubuta daidai, ni ce na karanta da idon tsoro. Yanzu ni da shi mun yi canjaras.

Amma kuskurena ya jawo abin da ban so ba. Kawu ya ce ba zai jira hukuncin likita ba. Ya riga ya yi magana da mai mota, ranar da za ka koma asibiti ranar za a kwashe kaya. Na roƙe shi, ya ce ai ni na fara tayar masa da hankali. 

Saura mako shida, uku sun tafi a fushi. In ƙafarka ba ta kai ƙasa, ƙwallon ta yi maka girma, shi ya sa ta zubar da kai, shi ya sa ka kasa ɗaga ƙafa ɗaya. Babba na saya saboda lambar da ka ba ni. Ba zan ce takwarata ta yi kuskure ba. Amma ka bari a auna ka yau.

Ka zage ni in kana so, amma a takarda.

Jikanyarka.

Ranar Litinin

Takwara,

Lafiya lau. Ki gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Daga yau duk abin da Tela ya rubuta sai Mai Kanti ta karanta mini shi kafin a liƙe. Shekara arba'in muna bango ɗaya da mutum, ashe yana da aljihun ɓoye a biro.

Ranar hoton nan kawunki ya zo da sassafe kamar an ce masa gobara. A gaban mutanen layi ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni kamar buhu. Na ce, "Sake ni. A nan na koya maka tafiya, tsakanin bencin nan da ƙofa, kuma ban riƙe maka hammata ba." Bai sake ni ba. Wannan shi ya hana ni rubuto miki, ba hoton ba.

To ga abin da kike nema. Ran Juma'a na rufe shago ni kaɗai, na cire hula da takalmi, na jingina da ƙofar, na ɗora guntun katako a kaina na ja fensir. Na juyo na duba. Inci biyar tsakanina da zanen Yaya. Na zauna a kan akwatin kayan aiki na daɗe ina kallonsa, sai ranar ta dawo mini tas. Doguwar hula ce sabuwa a kaina, takalmin aro mai tudu a ƙafata, ga ɗage da na yi. Yaya ta doke ni a ƙeya ta ce in sauko, na ƙi. Ta ce, "To zauna da ƙaryarka," ta zana. Inci biyu na hula da takalmi da ɗage ne. Ukun shekaru ne suka cinye ban ji ba. Ni da nake riƙe da awon mutum talatin da ɗaya, nawa ne kaɗai na ƙarya. Ban goge nata ba. Na fensir ɗin yana ƙarƙashinsa, ya faɗo ƙasa da na Akawu.

Amma ke ma ki ji naki. Tambayarki tun farko a karkace take. Wa ya gaya wa masu ƙwallon nan da kai ake zama? Duk wanda ya zo in yi masa kujera ban taɓa auna shi daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai ba. Zaunar da shi nake a kan akwati, tafin ƙafa a shimfiɗe, in auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Wani dogo ne amma duk tsawon a gangar jiki yake, wani gajere ne da ƙwauri kamar na zalɓe. In kin ba su kujera ɗaya, ɗaya ƙafarsa za ta yi lilo, ɗaya gwiwa za ta kai masa haɓa. Nawa inci goma sha takwas ne, ni na auna, Tela ya shaida. Da wannan lambar za ki je wurin masu sayarwa, ki bar musu jadawalinsu.

Shuɗiyar na sa Tela ya sace mata iska, tana kan kabad.

Mai motar Akawu kuwa, bari ya zo. Titi na kowa ne.

Kakanki.

Ranar Asabar

Kaka,

Na ji daɗin ganin takardarka fiye da yadda zan faɗa, don in na faɗa za ka ce ƙwalla ce. Yaran lafiya, haƙori biyu sun fito.

Gaskiyarka. Jadawalin tsawo kintace ne kawai, mu ma a wurin aiki zaunar da mutum muke yi mu duba gwiwarsa. Da ina kusa da tun farko haka zan yi. Na je da tef, na sa wani abokin aiki mai irin ƙwaurinka ya zauna a kan kowacce. Matsakaiciyar ce taka, sittin da biyar. Kada lambar ta dame ka, tana lotsawa in an zauna.

Ga yadda za ka san ta yi. Tafin ƙafa duka biyu a ƙasa, a ware daidai faɗin kafaɗa, ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa tsawo. In ta yi maka sama ka rage iska kaɗan, amma kada ta yi laushi. Ba a kan tabarma ba, ba da takalmi mai santsi ba. Benci a damanka, Baba Tela a hagunka, ko kuna gaba. Ka fara da zama kawai, baya a miƙe, kwana uku. Sannan ɗaga ƙafa, dama da hagu, kamar mai tafiya a zaune. Ta bango ka ƙara ɗaya duk bayan kwana biyu, kada gwiwa ta wuce yatsun ƙafa. In ka ji suka a gwiwa ko jiri, ka tsaya, wannan ba ragwanta ba ce.

Saura mako biyar. Wannan kuma ba jikanya ce take faɗa ba, ma'aikaciya ce: tashi daga kujera ina sa ran za ka ci. Hawa goma sha huɗu kai kaɗai, hawa da sauka, ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Jikanyarka.

Ranar Laraba

Takwara,

Ina gaishe ki da kyau wannan karon, ke da maigidan da yaran duka. Na yi shiru mako biyar ba don fushi ba, aiki ne ya yi yawa. Jiya muka je wurin likita. Tela ya gyara zama, takardar yau doguwa ce.

Matsakaiciyar ta yi. Ranar da na fara zama na sa ƙarfen auna kusurwa a bayan gwiwata, ya ɗan buɗe kaɗan, kamar yadda kika ce. Wannan ba sabon ilimi ba ne, ni ma in tsoho zan yi wa kujera inci ɗaya nake ƙara mata a ƙafa don tashi ya yi masa sauƙi. Da ƙafa ta samu ƙasa sai rashin ladabin ya ragu. A mako na biyu ina tafiyar zaune ina yi wa Tela gardama a lokaci guda. Ta bango na kai goma sha huɗu.

Matakala kuwa na gwada ta ni kaɗai, Tela a bayana bai taɓa ni ba. Mako na farko biyar. Na uku, tara. Daga tara ba ta ƙara ba. Hawan ba shi ne matsalar ba, saukowa ce, gwiwar sai ta yi kamar ba tawa ba. Kwana huɗu ina tsayawa a na tara ina kallon biyar ɗin da suka rage. Katako in bai kai ba, bai kai ba, ja ba ya ƙara masa tsawo. Na riga na yi wa ƙofa ƙarya sau ɗaya, ba zan yi wa matakala ba.

Sai na duba abin da aka ce. An ce in na kasa hawa bene a kai ni bayan gareji. Ba wanda ya ce dole ne in kwana a sama. Na kai ƙwallon shagon Tela don kada ƙusa ta same ta, na fito da katakon da nake ɓoyo tun shekara ashirin, na raba bayan shago. Kwana takwas. Ni na auna, ni na yanka, Mai Wanki ya riƙe mini, mijin Mai Kanti ya sauko da gado da akwatin takardu. Famfo da bayi dama a ƙasa suke, bokitin da ya kayar da ni ya yi ritaya. Na fasa taga mai kallon titi. Duk layin nan ba wanda ya gaya wa Akawu, har Tela.

A asibiti likita ya nuna mini kujera. Na girgiza ta na ce ƙafar baya ta hagu ta gaza 'yan uwanta, ya ce in yi haƙuri da ita. Na rungume hannu na tashi sau biyar, na ƙara masa ɗaya gyara. Ya ce, "Sai bene, Baba." Na ce, "Tara nake iyawa, kada ka wahalar da kanka. Amma ni yanzu ba a sama nake ba." Ya dubi Akawu, Akawu ya dube ni. Likita ya ce in dai a ƙasa nake kwana kuma akwai mai leƙa ni, shi ba shi da ta cewa.

Muka dawo muka tarar da mota a ƙofa da masu ɗaukar kaya biyu. Akawu ya haye sama. Na ji takunsa yana zagaya ɗakin, ba komai a ciki sai labule. Ya sauko a hankali ya leƙa sabon ɗakin, ya shafa katakon, ya nemi wurin zama bai samu ba sai ƙwallon. Ya zauna ta kusa tafiya da shi. Na ce, "Ware ƙafa, miƙe baya."

Ya ce, "Baba, ranar da aka ce mini ka faɗi, ban san yadda na tuƙo motar na iso ba. Ba shagon nake so ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "In ka sake faɗuwa fa?"

Na ce, "In na faɗi a nan, bango ɗaya zan buga Tela ya ji. A bayan garejinka wa zan buga wa, mota?"

Sai ya kawo sharuɗɗansa kamar takardar ofis. Makulli ɗaya a hannun Tela. Abin dafawa a matakala dama da hagu. Shi kuma duk Asabar zai zo. Na ce na yarda da biyu, na ukun sai in zai zo da tufafin da ba ya tsoron ƙura, don shi zai riƙe mini katakon abin dafawar. Ya sallami masu ɗaukar kayan, suka tafi suna tambayar juna me aka kira su yi.

Ki gane, saukowa na yi da kaina, ba sauko da ni aka yi ba. Ɗakin sama kuma ban bar shi ba. Kullum da safe in na gama da ƙwallo ina hawa har na tara, in tsaya in huta, in sauko. Ki aiko mini da abin da ake yi wa gwiwa don saukowa, na san kuna da shi kuna ɓoyewa.

Mai Kanti ta karanta mini wannan, babu ƙari a ciki.

Kakanki, Kafinta.

A bayan ambulan: 'Yata, kafin direba ya iso ya taka na goma, ina tsaye a bayansa. Ya ce kada a rubuta sai ya kai sha huɗu. Mai Kanti ba ta duba bayan ambulan. Tela.